Ciwon Asma da Mace Mai Juna Biyu: Yadda Ake Kula da Ciwon da Magungunansa

Gabatarwa

Sau da yawa mace mai ciwon asma, da zarar ta gane ta sami juna biyu, abu na farko da takan yi shi ne ta tattara magungunanta ta ajiye a ƙasan akwati. Takan yi haka ne da kyakkyawar niyya, domin tun tana yarinya take jin ana cewa magani yana taɓa abin da ke ciki. Wani lokaci ma uwarta ce ko uwar mijinta za ta ba ta wannan shawara, su ma kuwa don ƙauna ne.

Gaskiya ne akwai magungunan da ba su dace da mai ciki ba, kuma tsoron shan magani barkatai abin yabo ne. Amma game da ciwon asma, abin da likitoci suka tabbatar bayan shekaru masu yawa ana bincike shi ne, ciwon da aka bari ba kulawa ya fi maganinsa haɗari nesa ba kusa ba, ga uwa da abin da ke cikinta. Wadda ta daina magani don gudun cutar da jariri ta gudu wa gara ne ta faɗa gidan zago.

Wannan ɗan littafi zai bayyana dalilin haka, ya kuma nuna irin magungunan da ake amfani da su, da waɗanda ake hattara da su, da abin da ya kamata a yi idan ciwo ya tashi. An yi shi ne domin mata masu ciki, da magidanta, da iyaye, da unguwarzoma, da duk mai hannu a kula da iyali.

Mene ne ciwon asma?

Iskar da mutum ya shaƙa takan bi ta maƙogwaro ta gangara cikin huhu ta wasu hanyoyi masu rassa kamar na itace, suna ƙara ƙanƙancewa har su kai inda iska ke haɗuwa da jini. A jikin mai asma, bangon waɗannan hanyoyi yakan kasance a kumbure ta ciki, ko da a ranakun da mutum yake jin kansa garau. Idan ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa su, sai naman da ke kewaye da su ya tsuke, majina mai kauri ta taru, hanya ta ƙuntata. Daga nan sai tari, musamman da dare da asuba, da nauyin ƙirji kamar an ɗora dutse, da numfashi mai ƙara kamar ana fito.

Ya kamata a bambanta shi da tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga wani, kuma yana warkewa da magani na wata 6. Ciwon asma kuwa ba a ɗaukarsa ta tari ko cin abinci tare, sai dai yakan bi jini a wasu gidaje. Har yanzu ba a sami maganin da zai raba mutum da shi ɗungum ba, amma ana iya danne shi har mai shi ya yi noma, ya yi kasuwanci, mace ta haihu lafiya kamar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da shi a duniya, ya kuma yi sanadin mutuwar mutum 455,000 a wannan shekara, yawancinsu a ƙasashen da magani da asibiti suka yi ƙaranci.

Uwa ce ke numfashi domin jariri

Jaririn da ke ciki ba ya shaƙar iska da huhunsa. Iskar oksijin da yake rayuwa da ita tana zuwa masa ne daga jinin uwarsa, ta mabiyiya da cibiya. Watau dai huhun uwa shi ke aikin mutum biyu. Saboda haka bukatar jikinta ga wannan iska takan ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100 kafin ta haihu, alhali kuwa mahaifa na girma tana tura ƙasan huhu sama.

To idan hanyoyin iska suka tsuke, oksijin ya ragu a jinin uwa, jariri ne ke fara shan wahala, wani lokaci tun kafin ita kanta ta ji abin ya yi tsanani. Idan ana yawan samun haka cikin watannin ciki, abubuwan da ake gudu su ne:

1. Haihuwar bakwaini, watau kafin ciki ya cika mako 37.
2. Haihuwar jariri maras nauyi, wanda bai kai kilo 2 da rabi ba.
3. Hawan jini na masu ciki, wanda idan ya tsananta yakan kai ga jijjiga.
4. Idan ciwo ya tashi da ƙarfi ba a kai asibiti da wuri ba, ana iya rasa jariri, ko uwa, ko dukansu biyu.

Macen da aka danne ciwonta da magani yadda ya kamata kuwa, haɗarin da take ciki bai fi na sauran mata da wani abin kirki ba.

Abin da ciki ke yi wa asma

Likitoci sun daɗe da lura cewa mata masu asma sukan kasu kashi 3 idan sun sami ciki. Kimanin kashi ɗaya ciwonsu yakan yi sauƙi, kashi ɗaya yakan tsaya yadda yake, kashi ɗaya kuma yakan tsananta. Ba a iya sanin kashin da mace za ta faɗa tun farko, sai dai wadda ciwonta dama mai ƙarfi ne ita ta fi shiga haɗari, kuma abin da ya faru a cikin baya yakan maimaita kansa. Ciwon ya fi tashi daga tsakiyar ciki zuwa wata na 8. Yakan lafa a makonnin ƙarshe, kuma ba kasafai yake tashi da ƙarfi a lokacin naƙuda ba. Cikin wata 3 bayan haihuwa yawanci yakan koma yadda yake a da.

Abubuwa biyu ne suka fi tayar da shi a wannan lokaci. Na farko mura da makamantanta, domin mai ciki ta fi saurin kamuwa da su. Na biyu kuwa daina maganin kariya.

Har ila yau, yawancin masu ciki sukan ji haki kaɗan ko da ba su da asma, wannan kuwa ba cuta ba ne. Amma hakin da ya zo da tari, ko kukan ƙirji, ko ya ta da mace daga barci, bai kamata a jingina shi ga ciki kawai ba. Ƙarancin jini da ciwon zuciya su ma suna kawo haki. Ma'aikacin lafiya ne zai tantance. Tarin da ya wuce mako 2, musamman in da rama ko gumin dare, sai a je a yi gwajin tarin fuka.

Wani misali

A ɗauki misalin mace mai shekara 24, wadda ta shekara 2 tana shaƙa maganin kariya safe da yamma, har ta kusa mantawa tana da asma. Da ta sami ciki, uwar mijinta ta ce mata, "'Yar nan, ajiye wannan abin fesawa har Allah ya sauke ki lafiya." Ita kuwa ta ce, "To, Inna." Wata ɗaya ya wuce ba ta ji komai ba, kowa ya ce shawara ta yi kyau. Amma kumburin hanyoyin iska yana komowa a hankali ba tare da an sani ba. Da ciki ya kai wata 6 hunturu ya shigo, ta kama mura, a dare na 3 kuma sai ga ta zaune ba ta iya haɗa kalma biyu ba tare da ta tsaya ta ja numfashi ba. A asibiti aka sa mata oksijin, aka ba ta magunguna masu ƙarfi ta jijiya da ta baki, waɗanda suka ninka abin da ta guje wa sau da yawa.

Abin lura a nan shi ne, illar daina maganin kariya ba ta bayyana rana ɗaya. Shirun da ake gani a makonnin farko shi ke yaudarar mutane.

Magungunan asma iri biyu ne

Yawancin magungunan asma shaƙa su ake yi ta wani ɗan abin fesawa da ake kira inhela. Hikimar yin haka ita ce magani ya tafi kai tsaye inda ciwo yake. Abin da ake bukata ɗan kaɗan ne, wanda ke shiga jini kuwa bai taka kara ya karya ba, balle wanda zai isa ga jariri. Ƙwayar da aka haɗiya kuwa sai ta zaga jiki duka kafin ta isa huhu.

Na farko, mai buɗe hanya. Sunansa salbutamol, an kuma fi saninsa da sunan Ventolin, yawanci cikin shuɗin mazubi. An fara sayar da shi a 1969, kuma mata masu ciki da ba su ƙirguwa sun yi amfani da shi tun daga lokacin. Yakan saki naman da ya tsuke cikin 'yan mintoci, aikinsa kuma ya ɗauki kamar awa 4. Yana iya sa rawar hannu da bugun zuciya na ɗan lokaci. Amma ba ya taɓa kumburin da ke ciki, saboda haka shi kaɗai bai isa ba. Tun 2019 ƙungiyar masana asma ta duniya mai suna GINA ta daina ba da shawarar a bar baligi a kan wannan magani shi kaɗai.

Na biyu, mai kariya. Wannan shi ke kwantar da kumburi. Mafi shahara su ne beklometason, wanda aka fara shaƙarsa a 1972, da budesonid, wanda shi aka fi tattara bayani a kansa game da masu ciki. Ba a jin aikinsa nan take. Sai an yi kwanaki ana shaƙa shi kullum, ko ana jin ciwo ko ba a ji, sa'an nan tari ya ragu, barci ya daidaita. Shi ne ginshiƙin maganin asma ga mai ciki, kuma shi ne wanda aka fi yawan ajiyewa bisa kuskure.

Akwai kuma inhela mai haɗa biyu wuri ɗaya, watau mai kariya da mai buɗe hanya na dogon lokaci, kamar budesonid da formoterol. Wadda take kansa kafin ta sami ciki sai ta ci gaba. Haka nan ƙwayar montelukast, idan da ita aka samo kan ciwon, likita yakan bar mace a kanta. Ƙa'idar dai ita ce, maganin da ya danne ciwo kafin ciki ba a canja shi ko a rage shi sai da izinin likita, kuma yawanci akan jinkirta ragewa har bayan haihuwa.

Idan ciwo ya tashi da ƙarfi, likita yakan ba da ƙwayar prednisolon na kwana 5 zuwa 7. An taɓa nuna damuwa cewa shanta a watanni 3 na farko yana iya ɗan ƙara yiwuwar haihuwar jariri da tsagaggen leɓe, amma binciken da aka yi bai zo baki ɗaya a kan haka ba, kuma ko da akwai ƙarin, kaɗan ne ƙwarai. Haɗarin rashin iska kuwa tabbatacce ne. Saboda haka bai kamata a ƙi ta ba idan likita ya rubuta. Abin da ba shi da kyau shi ne mace ta riƙa sayen prednisolon ko deksametason a kemis tana sha wata da watanni da kanta. Wannan yana jawo ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, sai ta gaya wa likita ya rage mata sannu a hankali.

Tsoffin magunguna irin su tiyofilin da aminofilin, tazarar da ke tsakanin adadin da ke amfani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, don haka ba a shan su sai ƙarƙashin kulawar likita. Ƙwayar salbutamol ta haɗiya da ruwansa na sha ma an bar yayinsu inda ake samun inhela, domin sun fi jinkirin aiki, sun kuma fi sa bugun zuciya.

Wasu suna cewa inhela tana sa sabo, ko kuwa sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita. Duka biyu ba haka ba ne. Wadda ta ga kullum hannunta na kan shuɗiyar inhela, ba sabo ta yi ba, alama ce ciwon bai dannu ba, tana bukatar maganin kariya.

Yadda ake shaƙa magani

Magani mai kyau ba ya amfani idan ya tsaya a harshe. Ga yadda ake yi da inhelar fesawa:

1. A cire murfi, a girgiza sosai.
2. A zauna a miƙe, a fitar da numfashi waje.
3. A sa bakin inhela tsakanin haƙora, a rufe leɓe.
4. A fara jan iska a hankali, a danna sau ɗaya a daidai lokacin, a ci gaba da ja har ƙirji ya cika.
5. A riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10, ko gwargwadon iko.
6. In za a ƙara, a dakata kamar rabin minti, a sake girgizawa.
7. Bayan maganin kariya a kurkure baki da ruwa a zubar, don gudun fararen ƙuraje a baki da dishewar murya.

Mutane da yawa ba sa iya daidaita dannawa da jan iska. Don haka aka yi wani bututun roba da ake sa inhela a gindinsa, a fesa magani sau ɗaya a ciki, a shaƙa sau 4 zuwa 6 ta ɗaya bakin. Inda ba a same shi ba, ma'aikacin lafiya yana iya huda gindin tsabtatacciyar gorar roba mai cin rabin lita daidai bakin inhela. Wani bincike da aka yi kan yara a Afirka ta Kudu, aka buga a 1999, ya nuna irin wannan gora tana aiki kamar bututun kanti. Wasu inhelolin kuma gari ne a cikinsu, ba a girgiza su, ana zuƙarsu ne da ƙarfi. Mace ta nemi a nuna mata irin tata, ta kuma gwada a gaban malamin asibiti.

Kada a sayi magani sai mai lambar rajistar hukumar NAFDAC, a kuma duba ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ba a ajiye inhela a rana ko kusa da murhu.

Magungunan da ake hattara da su

Asfirin, da ibuprofen, da diklofenak suna tayar da asma ga wasu mutane, wani lokaci da ƙarfin gaske. Biyun ƙarshe kuma dama ba a son mai ciki ta sha su, musamman idan ciki ya tsufa. Don ciwon kai ko zazzaɓi parasitamol ya fi dacewa. Likita yakan ba wasu masu ciki asfirin ɗan kaɗan don kare su daga hawan jini, to wadda ya taɓa tayar mata da ciwo wajibi ne ta faɗa kafin a rubuta.

Wasu magungunan hawan jini, kamar propranolol da labetalol, suna tsuke hanyoyin iska. Akwai madadinsu da suka dace da mai ciki, kamar metildopa da nifedipin. Saboda haka duk inda za a rubuta wa mace magani, ta fara da cewa tana da asma.

Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake tallarsu a kasuwa da tasha da sunan maganin asma, babu wanda ya san abin da ke cikinsu ko yawansa. Mai ciki ta nisance su. Maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa wurin awo kuwa sai ta ci gaba da sha, in dai babu wanda ya taɓa yi mata illa.

Abubuwan da ke tayar da ciwo

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace mace tana da abin da ya fi taɓa ta, kuma ya kamata ta san shi. Waɗanda suka fi yawa su ne:

Hayaƙi. Na itace da gawayi da risho, musamman a ɗakin girki maras taga. A yi girki a fili ko inda iska ke ratsawa, da busasshen itace, in da hali kuma wani ya karɓe ta. Turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, da hayaƙin janareta duk suna ciki. Gidan sauro ya fi mata, ga shi yana kare ta daga zazzaɓi.

Taba. Sigari da shisha suna cutar da uwa da jariri ko da babu asma. Magidanci mai sha kada ya sha a cikin gida.

Ƙura. Hazon hunturu, da ƙurar shara, da ƙaiƙayin sussuka da sheƙa lokacin kaka. A yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci da baki da ƙyalle ko takunkumi idan ana hazo, a shanya katifa da barguna a rana. Kyankyasai, da gashin kyanwa, da kaji a ɗakin kwana su ma suna tayar wa wasu.

Ƙwannafi da toshewar hanci. Dukansu suna yawa ga masu ciki, suna kuma ƙara tari. A ci abinci kaɗan-kaɗan, kada a kwanta da zarar an gama ci, a ɗaga wajen kai. In bai yi sauƙi ba a faɗa a asibiti.

Guje wa waɗannan abubuwa taimako ne ga magani, ba ya maye gurbinsa. Tafiya da ƙafa da ƙananan ayyukan gida suna da amfani, ba a hana su. Wadda ta yi niyyar azumi kuma ta shawarci likita tukuna, domin maganin kariya na sau 2 a rana ana iya mai da shi kafin alfijir da bayan faɗuwar rana.

Wurin awon ciki

Ya kamata mai asma ta fara awo da zarar ta san tana da ciki, ta faɗi ciwonta a ranar farko, ta kuma tabbata an rubuta a katinta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. Mai asma kuwa a duba ciwonta kowane mako 4 zuwa 6. Ta riƙa zuwa da duk magungunanta a hannu.

Tambayoyi 4 ne ake auna ciwon da su, a kan mako 4 da suka wuce. Shin tana jin alamunsa da rana fiye da sau 2 a mako? Yana ta da ita daga barci? Tana bukatar shuɗiyar inhela fiye da sau 2 a mako? Yana hana ta aikin da ta saba? Idan amsar ko da ɗaya ta zama i, ciwon bai dannu sarai ba, sai a duba yadda take shaƙa magani, in ya kama a ƙara. A wasu asibitoci akwai ɗan ma'aunin da ake hurawa a ga ƙarfin huci. Ciki ba ya rage wannan ƙarfi, saboda haka in ya ragu asma ce. Ta roƙi a rubuta mata a takarda abin da za ta sha kullum, da abin da za ta yi idan ciwo ya fara, a kuma karanta wa mijinta.

Idan ciwo ya tashi

A zaunar da ita a miƙe, ta ɗan sunkuya gaba. Kada a kwantar da ita rigingine. A buɗe taga, a fitar da duk wani abu mai hayaƙi, a rage taro. A ba ta salbutamol fesa ɗaya-ɗaya, ana barin rabin minti zuwa minti ɗaya a tsakani, har sau 10 in ya kama, ta bututu ko gora in akwai. Wadda likita ya ɗora a kan inhela mai haɗa biyu sai ta bi abin da aka rubuta mata. Ko da ta sami sauƙi, a kai ta asibiti a ranar, domin a duba ta a kuma duba jariri.

A garzaya asibiti nan take, dare ko rana, ana ci gaba da ba ta magani a hanya, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya jan numfashi.
2. Magani bai yi aiki ba, ko ciwo ya komo kafin awa 4.
3. Harshe ko cikin leɓe ya yi toka-toka ko shuɗi.
4. Ta galabaita, ko tana gyangyaɗi, ko hankalinta ya ruɗe.
5. Kukan ƙirji ya ɗauke alhali tana fama. Wannan ba sauƙi ba ne, iska ce ta daina wucewa.
6. Motsin jariri ya ragu, ko ciwon mara, ko zubar jini ko ruwa.

A asibiti za a sa mata oksijin, a maƙala wata 'yar na'ura a yatsanta don a ga yawansa a jini, ana so ya tsaya wajen kashi 95 cikin 100 ko sama. Magungunan da ake ba kowane mai asma a irin wannan hali su ake ba mai ciki, ba a rage mata don tana da ciki.

Naƙuda, jego da shayarwa

Mai asma ta haihu a asibiti, ta tafi da inhelolinta, ta kuma ci gaba da shaƙa su lokacin naƙuda. Asma kaɗai ba dalilin yin tiyata ba ne. Ta tuna wa unguwarzoma da likita ciwonta, domin daga cikin alluran tsai da jini bayan haihuwa akwai masu tsuke ƙirji, watau karboprost da ergometrin. Oksitosin kuwa, wanda shi aka fi amfani da shi, ba ya yin haka. Wadda ta daɗe tana shan prednisolon akan yi mata allurar haidrokotison lokacin naƙuda.

Bayan haihuwa a kiyaye ta daga hayaƙin itacen dafa ruwan wanka, da wutar da ake hurawa a ɗaki, da turaren wuta, ita da jaririn duka. Kuma ba kowane haki na mai jego ne asma ba. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun bayyana tun shekarun 1970 wani ciwon zuciya da ke kama masu jego, suka kuma danganta yawansa a yankin da tsananin zafin wankan jego da shan kunun kanwa. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti, kada a tsaya ga inhela.

Magungunan asma na shaƙa, har ma da prednisolon da likita ya rubuta, ba sa hana shayarwa. Abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai. Uwa ta ba da nono zalla har wata 6 kamar kowace uwa.

Aikin maigida da dangi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Magidanci ya sa kuɗin inhela cikin cefanen wata, ya sayi sabuwa tun tsohuwa ba ta ƙare ba. Ya san asibitin da ke da oksijin mafi kusa, ya yi magana da mai mota ko mai keke tun da wuri, ya kuma bar izini a gida cewa in ciwo ya tashi ba ya nan, a tafi da ita ba sai an jira shi ba. Iyaye da surukai kuma, su da ake jin maganarsu, su zama masu tambayar ko ta shaƙa maganinta yau, su ɗauke mata girki da shara a kwanakin hazo.

Kammalawa

Jariri ba shi da iska sai wadda uwarsa ta shaƙa. Maganin da ke buɗe ƙirjin uwa shi ke kai masa ita. Saboda haka mai asma da ta sami ciki kada ta daina magani, kada ta rage, kada kuma ta ƙara wani da kanta. Ta fara awo da wuri, ta faɗi ciwonta, ta guji hayaƙi da ƙura, ta kuma tafi asibiti tun ciwo bai yi ƙarfi ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin bita

1. Ta wace hanya jaririn da ke ciki yake samun iska?
2. Mene ne bambancin inhela mai buɗe hanya da mai kariya?
3. Don me ba a ganin illar daina maganin kariya nan da nan?
4. Waɗanne magungunan ciwon jiki ne mai asma za ta yi hattara da su?
5. Waɗanne alamu 6 ne ke nuna a garzaya asibiti?
6. Wane shiri ya kamata magidanci ya yi tun ciki yana ƙarami?